Rubutun Hannun Hagu

Na iya rubutu da hannun hagu. Ni ba bahaguwa ba ce, koya na yi. Yau zan faɗa muku dalili, wadda ta ga dama ta zage ni a ƙasan rubutun nan ta zaga. Na riga ta.

Ga waɗanda yau suka fara bina: shekarata ashirin da ɗaya, mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Auta. Umma tela ce, shagonta shi ne ɗakin gaban gidanmu, labule kaɗai ya raba shi da falo. Baba direban babbar mota ne, sati uku a hanya, kwana huɗu a gida. Sai Malam, wanda kuka ishe ni da tambayarsa. Mataimakin hedimasta ne a makarantar su Auta, kuma ranar Asabar manyansa za su zo wurin Baba a kan maganata. Kuna ta turo min furanni da "Allah ya sanya alheri". Ku ɗan dakata da furannin.

Ranar Talata da safe na samu Auta a durƙushe bakin famfo, ta riƙe ciki. Yunifom ɗinta shuɗi mai farar kwala, tun jiya na goge shi. Safa ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Cikin ne kuma?" in ji Umma daga kan keke, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Eh."

"Wannan ciki naki ya san kalanda. Ranar da babu makaranta lafiya lau, har da tsalle a kan katifa. Shanye shayinki ki wuce."

Sau uku muna kai ta asibiti. Likita ya ce babu tsutsa, babu gyambon ciki, babu komai. A zuwa na ƙarshe ya ajiye biro ya ce, "Akwai abin da yake damunta a makaranta?" Umma ta yi dariya ta ce, "Wannan? Ai har tsallakar da ita aji aka yi." Ni kuwa takalmina na tsaya kallo.

Safiyar Talatar nan na ja Auta ɗakinmu, na tura ƙofa, na kara mata wayata a kunne. Muryata ce a ciki. Kullum da yamma nakan karanta shafin da za su yi washegari in naɗa, ita kuma ta saurara sau goma, sau ashirin, har ya zauna mata. Idan malamarsu ta ce tashi ki karanta, sai ta ɗora yatsa a kan layi ta zubo shi tiryan-tiryan.

Shekarar Auta goma, tana aji shida, kuma ba ta iya karatu ba. Sunanta kaɗai take rubutawa, shi ma zana shi take yi, kamar mai kwafar fure daga jikin yadi.

Ni na yi mata haka.

Lokacin da annoba ta zo aka rufe makarantu, tana aji biyu, ta fara haɗa baƙi ke nan. Ni kuma saura wata biyu in zauna jarrabawar gama sakandare. Kulle ya rutsa da Baba a wani gari mai nisa, wata biyar ba mu sa shi a ido ba. Ɗinki ya tsaya cak, wa zai ɗinka sabuwar riga ya zauna da ita a ɗaki? Takunkumin rufe fuska ne ya riƙe gidanmu. Umma tana ɗinkawa, ni ina zura roba, in goge, in jera a leda. Daga safe har faɗuwar rana. Har yau akwai kanta a babban yatsana.

Malam shi ne malamin ajin su Auta a lokacin. Ya buɗe guruf a waya. Ƙarfe tara ya turo darasi, kafin ƙarfe huɗu a ɗauki hoton aikin yaro a tura masa. Babbar waya ɗaya ce a gidan, tawa.

Wallahi na gwada. Satin farko na gwada. Sai in zaunar da ita a gefen teburin yanka, ta rubuta harafi ɗaya ta goge. Ta ce fitsari. Ta ce ruwa. Ta ce yaushe Baba zai dawo, ko ciwon ya kama shi ne ake ɓoye mata. Idan motar asibiti ta wuce a titi da jiniya, sai ta shige ƙarƙashin teburin, sai na jawo ta da ƙafa. Aikin minti goma ya cinye mana awa biyu, Umma kuma tana kira, "Ke, robar nan ita za ta zura kanta?"

Ranar da na mare ta a kan harafi ɗaya, ranar na ƙwace fensirin. Na rubuta da dama, ya yi kyau da yawa, na yage. Na mayar da shi hagu. Sai ga shi ya fito a karkace, manya-manya, yana hawa layi yana sauka. Sak hannun yarinya. Na goge wuri biyu da yatsa don ya yi datti, na ɗauki hoto, na tura.

Ko minti biyar ba a yi ba amsa ta shigo. "Madalla! Tauraro uku. A gaishe da yayarta, tana ƙoƙari."

Nan ne wurin da nake jin kunya. Da sau ɗaya na yi, sai in ce gajiya ce. Wata takwas na yi. An ɗage jarrabawata, an sake ɗagewa, littattafaina suna ƙarƙashin gado suna shan ƙura, ba mai tambayata komai sai roba. Mutum ɗaya ne a duniya yake duba abin da na rubuta ya ce madalla. Aikin 'yan aji biyu ne, na sani. Amma da ƙarfe huɗu ta gabato sai in ji gabana yana faɗuwa. Har kwalliya nake yi wa aikin. In zana ɗan tsuntsu a gefe. In bar kuskure ɗaya da gangan don ya samu abin gyarawa, saƙon ya yi tsawo. Auta kuma na tara mata guntayen ƙyalle tana ɗinka wa 'yartsana riga a ƙarƙashin tebur. Ba mari, ba kuka. Kowa ya huta.

Da aka buɗe makarantu, Malam ya kwashi hotunan ya kai wa hedimasta, ya ce yarinyar nan ta wuce aji uku, a kai ta huɗu. Shi kuma ya tafi ƙaro karatu shekara biyu. Ajin da aka kai ta yara sun fi tamanin, benci ɗaya mutum biyar. Aikin gida ni nake yi. Jarrabawa ta canki-canka ce, ta leƙa na kusa da ita, ta fito a tsakiya. Wa zai lura da yarinyar da ba ta surutu, kuma aikin gidanta kullum tsaf?

Duk hutu ina cewa wannan karon zan zaunar da ita mu faro daga farko. Da ta ga littafin 'yan aji ɗaya a hannuna sai ta fashe da kuka, "Ni ba jaririya ba ce!" Sai in mayar da shi. Kuma tun ranar da aka kai ta aji huɗu na riƙe kafaɗunta na ce, "Idan kika faɗa wa wani, Baba korata zai yi daga gidan nan." Shekararta bakwai a lokacin. Ta riƙe.

Baba kuwa ɗaya daga cikin takardun nan ya kai aka sa mata leda, ya manna a gaban motarsa kusa da sitiyari. Ya daina kiran Auta da sunanta. Likita yake ce mata.

Farkon shekarar nan Malam ya dawo. Ya kawo wando a rage masa tsawo, ya kalle ni ya ce, "Ke ce yayar nan?" Sauran kun karanta a baya. Abin da ban faɗa muku ba shi ne maganar da ya yi ranar da ya ce yana sona. Cewa ya yi, "Macen da ta koyar da ƙanwarta haka a tsakiyar kulle, ita nake so ta riƙe min 'ya'ya." Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Ya ɗauka kunya ce.

To, ranar Talatar nan, wajen sha ɗaya, ina guga a shago, saƙonsa ya shigo.

"Albishirinki. Wata mai zuwa za a yi jarrabawar shiga makarantar kwana ta masu hazaƙa, mutum biyu aka ba mu. Na sa sunan Auta. Tun da na dawo nake kauce wa ajinsu don kar a ce son kai, amma wannan ba zan bar wa kowa ba. Ƙarfe huɗu zan zo in fara shirya ta da kaina. A tanadar min shayin nan mai citta."

A ƙarshe ya sa taurari uku.

Na tsayar da dutsen guga. Umma tana ɗinke bakin wata doguwar riga ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya. Tawa ce, ta Asabar. Allura biyu a bakin Umma.

"Umma, akwai maganar da zan faɗa miki."

"Uhm."

"Auta ba ta iya karatu ba. Aikin nan na lokacin kulle, ni ce na..."

Keken bai tsaya ba. Sai da ta kai ƙarshen layin, ta yanke zare, ta zare alluran daga baki.

"Da hagu," ta ce.

Sai da na dafa tebur.

"Ina keken nan yake kallo? Ba teburin nan ba? Makancewa na yi wata takwas?"

"Kuma ba ki ce komai ba?"

"In ce me? In ce ki ajiye roba ki zauna awa biyu a kan harafi ɗaya? Mu ci me? Cewa na yi idan an koma makaranta malamai za su gyara. Ai aikinsu ne."

"Ba su gyara ba, Umma."

"To ai na gani." Ta juya rigar, ta miƙar da ɗinkin da tafin hannu. Na ɗauko wayar na karanta mata saƙon. "Saurare ni da kyau. Ki kama bakinki har Asabar ta wuce. Idan ya zama ɗan gida, sai a faɗa masa a hankali, shi da kansa zai rufa asiri. Mutumin kirki sau nawa yake shigowa shagon nan? Kafin ya zo zan aike ta sayen zare. Gobe mu ce ciki. Jibi mu ce kai."

"Jarrabawar fa?"

"Saura wata guda. Allah na nan."

Kar ku zagi Umma. Ni na ga idonta lokacin da take ɗinka takunkumi na ɗari biyu a rana ɗaya, ba ta san ko mijinta yana raye ba. Kuma gaskiya, na amince da shirinta. Na ce to. Har na je na dafa shayin.

Huɗu saura kwata Umma ta miƙa wa Auta guntun ƙyalle ta ce ta je can babban titi ta nemo zare mai irin launinsa, kar ta dawo sai ta samu daidai. Ni na canza riga, na sa baƙa mai dogon hannu, na yafa farin mayafi. Na share falo, na gyara ledar tebur, na kunna fanka.

Huɗu daidai muka ji babur ya tsaya. Sai ga Malam ya ɗaga labulen shago da sallama, farar riga ya naɗe hannunta zuwa gwiwa, ƙurar alli a gefen wando, gilashinsa mai karyayyen hannu wanda ni na ɗaure masa da baƙin zare. Auta tana bayansa.

"Umma, na tsinci ɗalibata a hanya," ya ce yana dariya. "Har zaren mun sayo. Ki duba ko ya yi."

Umma ta karɓi zaren kamar an miƙa mata garwashi. "Ya yi, Malam. Allah ya yi albarka."

Muka shiga falo. Ya zauna a doguwar kujera, ya ce Auta ta jawo ƙaramar ta zauna a gabansa. Ya buɗe jaka ya ciro wata jakar leda mai maɓalli, cike da takardu. Hotunan nan ne, ya kai an buga su.

"Kin tuna wannan?" ya ce da ni, ya ɗaga ta saman. Ga tsuntsuna a gefe, baki buɗe. "Har yanzu ina nuna wa sababbin malamai. Ina ce musu ku ga abin da gida yake yi idan ya tsaya."

Na ce bari in kawo shayi.

Da na dawo da tire, ya riga ya ajiye mata wata takarda a gabanta. Ta jarrabawar bara ce. Rubutu ne zalla, babu hoto ko ɗaya da za ta laluba.

"Karanta min sakin layi na farko. A hankali, ba tsere muke ba."

Auta ta ɗago ta kalle ni. Leɓenta ya bushe. Sai ta ɗora yatsa a kan layin farko, ta gyara zama, ta buɗe baki.

"Ruwa yana da amfani ga ɗan Adam da dabbobi da tsirrai. Muna samun ruwa daga rijiya da kogi da kuma ruwan sama. Dole ne mu tafasa ruwa kafin..."

Shafi na talatin da biyu na littafinsu. Wanda na naɗa mata jiya. Da muryata take yin sa, da yadda nake jan ƙarshen jimla. Har wurin da keken Umma ya yi ƙara na dakata a cikin naɗin, ita ma nan ta dakata, sannan ta ci gaba. Yatsanta yana tafiya a kan layi, ya kai ƙarshe ya sauko na ƙasa.

Takardar kuwa, ina hango ta daga inda nake tsaye. Labarin jirgin ƙasa ne.

Malam bai katse ta ba. Ya bar ta har ta kai ƙarshe, ta ɗago tana jiran madalla. Fanka tana ta juyawa. A shago keken ya yi shiru.

Ya sa bakin biro a kan kalma ɗaya. "Wannan fa?"

Ta zuba wa kalmar ido.

Ya rufe sauran kalmar da yatsa, ya bar harafin farko. "Wannan?"

Ta faɗi wani. Ba shi ba ne. Ta faɗi wani. Hannunta ya koma kan cikinta.

"Malam, da na iya," ta ce. "Wallahi da na iya. Yaya ta koya min duka. Ni ce na manta. Kaina ne ba shi da kyau, komai aka zuba zubewa yake. Kar ka yi wa Yaya faɗa."

Ya ja numfashi, ya jingina. Ya kalle ni, kuma tausayi ne a idonsa, ba zargi ba.

"Ana samun haka," ya ce a hankali. "Yara da yawa sun koma baya bayan kulle. Wasu firgita ce ta shafe musu abin da suka sani. Ban taɓa ganin mai tsanani haka ba, amma ba laifin kowa ba ne. Ki daina wannan fuskar."

Daga bayan labule Umma ta yi caraf. "Haka ne, Malam. Yarinyar nan ta firgita a lokacin nan, ƙarƙashin tebur take wuni."

Kun gani? Ƙofa ce aka buɗe min har bango. In yi shiru kawai. In zuba shayi. Asabar ta zo, in sa rigata ruwan toka.

Sai na kalli Auta. Ta sunkuyar da kai tana gyaɗa shi, tana ƙwanƙwasa goshinta da ƙashin yatsa a hankali, kamar mai gwada ko tulu ya tsage. Abin da ya karya ni ke nan. Ba don ta kare ni kaɗai take faɗa ba. Ta yarda da maganar. Shekara uku tana zaune a cikin yara tamanin tana ganin kowa yana gane abin da ke kan allo ban da ita, ta yanke wa kanta hukunci ita kaɗai, ba ta faɗa wa kowa ba.

Na ajiye tiren. Na durƙusa a gaban tebur, na jawo takardar jirgin ƙasan na kifa ta. Na ɗauki fensirin Auta.

"Ke!" in ji Umma.

Na mayar da shi hagu.

Jimlar da ke kan hoton saman na rubuta. *Babana yana da babbar mota.* Ta fito a karkace, tana hawa tana sauka. Na goge wuri ɗaya da yatsa. Na zana tsuntsun a gefe, baki buɗe. Hannun bai manta komai ba. Na tura takardar kusa da hoton, na jera su.

Ya daɗe yana kallo. Ya cire gilashi, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Duka?"

"Ban da satin farko."

"Wata takwas."

"Da duk aikin gidan da ta kai tun daga lokacin. Karatun kuma a waya nake naɗa mata ta haddace."

Na jira ya ɗaga murya. Da ya ɗaga da na ji sauƙi.

"Ni na kai ta aji huɗu," ya ce, ba da ni yake ba, ba da kowa ba. "Da ƙafata na je ofis. Ko sau ɗaya ban ce a ba ta waya ta karanta min layi ɗaya in ji ba. Ina zaune ina rabon taurari."

Ya sauko daga kujera ya tsuguna a gaban Auta har fuskarsu ta daidaita.

"Kalle ni. Wanda ya haddace shafi guda daga ji kawai, kansa ba mai zuba ba ne. Ba mantawa kika yi ba. Ba a koya miki ba ne. Kin ji bambancin?"

Ni take kallo.

Ya tattara hotunan ya mayar a jaka. Takardar da na rubuta ya bar ta a kan tebur. Ya yi wa Umma sallama da ladabi kamar kullum. Ni ko inda nake bai kalla ba. Shayin ya huce a cikin kofi, har ya yi fata a sama.

Umma ba ta zage ni ba. Ta cire rigar ruwan toka daga kan keke, saura hannu ɗaya ba a haɗa ba, ta ninke, ta sa a leda, ta ɗora a saman kabad inda take ajiye ɗinkin da masu shi ba su dawo karɓa ba.

Auta ce ta yi magana. Na same ta a ɗaki tana zaune a bakin katifa, ko yunifom ba ta cire ba.

"Kin ce idan aka faɗa Baba zai kore ki."

"Ƙarya na yi miki."

"Ƙarya?" Ta zuba min ido. "Ni kuwa kullum sai na yi mafarkin kin ɗauki jaka."

Na miƙa hannu zan taɓa ta, ta janye kafaɗa. Akwai aikin gida a jakarta, tambaya biyar. Ban taɓa shi ba. Washegari ta tafi da littafin babu komai a ciki, karo na farko. Cikin ya yi ciwo kamar kullum, har ta yi amai a bakin famfo. Ta wanke baki, ta ɗauki jaka, ba ta karɓi wayar da na miƙa mata ba.

Sha biyu saura saƙonsa ya shigo. Babu gaisuwa, babu tauraro.

"Na ce wa manyana su dakata da zuwan Asabar. Ba zan iya ce miki har yaushe ba, ni ma ban sani ba. Na cire sunan Auta daga jarrabawar. Ƙarfe huɗu zan riƙa zuwa saboda ita. A saya mata sabon littafi da fensir. Ke kar ki zauna a falon. Abu na ƙarshe: dole ta koma aji uku, wanda na sa ta tsallake. Hedimasta ba zai yarda ba sai mahaifinta ya sa hannu. Ba ni zan faɗa masa dalili ba."

Na karanta sau shida. Na rubuta "ka yi haƙuri", na goge. Na rubuta "to", na tura.

Aji uku. Auta da ta fi kowa tsawo a aji shida za ta koma benci ɗaya da yaran da take rakawa su tsallaka titi. Ba a faɗa mata ba tukuna. Wannan ma ni zan faɗa.

Ƙarfe huɗu ya zo. Ya gaishe da Umma, ya wuce ta gabana kamar ni ce teburin yanka. Na zauna a shago ina cire zaren wani siket da Umma ta ɗinka ba daidai ba, ita da ba ta kuskure. Labule ne kaɗai a tsakaninmu, ina jin komai.

"Wannan *ba*. Ce *ba*."

"Ni ba jaririya ba ce."

"Na sani. Jaririya ba za ta iya abin da za ki yi yanzu ba. Ce *ba*."

Sannan, can ƙasa-ƙasa, "*Ba*."

"To ga wani irinsa a gefensa. Kar ki kalle ni, babu komai a fuskata. Takardar za ki kalla. Haɗa su."

"Ba... ba." Ta tsaya. Na ji kujera ta motsa. "Baba? Malam, Baba aka rubuta?"

"Ke kika karanta, ni ban ce komai ba."

Wani sauti ta yi, ban san ko dariya ba ce ko kuka. Umma ta juya fuska bango tana neman almakashin da ke hannunta.

A daidai nan wayata ta hau ruri a kan teburin yanka. Baba. Kullum idan ya kusa gida yakan kira ya ji abin da za a taho mana da shi. Na kalli Umma. Ta girgiza kai, ta nuna ni da almakashin.

Na ɗauka. Ƙarar inji, iska tana bugun waya, da muryarsa cike da fara'a.

"'Yar Baba! Jibi war haka ina gida, in sha Allah. Na sayo takalmin da zan sa ranar Asabar, kar surukai su raina ni. Ina Likita? Ba ni ita, ga takardarta nan a gabana tana kallona."

Na matse wayar da hannu biyu.

"Baba," na ce, "ka samu wuri ka tsayar da motar tukuna."